Bikin Kirsimeti da na Sallah a Ajin Makarantar Gwamnati: Ina Iyakar Take?

Wata Hajiya daga Aboabo, a nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Ta ce 'yarta tana aji huɗu a wata firamaren gwamnati, irin wadda ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda babu wata coci da ta kafa ta. Da zangon karatu na farko ya kusa ƙarewa sai malamar ajin ta sa yarinyar cikin masu rera waƙoƙin Kirsimeti a ranar rufe makaranta, aka kuma ce kowane yaro ya kawo kuɗin biki. Tana so ta san ko irin waɗannan bukukuwa masu alaƙa da addini sun dace a makarantar gwamnati, da kuma abin da ya kamata ta yi.

Hajiya, kin kyauta da kika yi tambaya kafin ki ɗauki mataki, domin iyaye da yawa ko dai su haɗiye abin suna guna-guni a gida, ko kuwa su tafi makaranta a fusace a rabu baran-baran. Na koyar da darasin addini da tarbiyya shekaru masu yawa, na riƙe hedimasta, daga baya kuma na yi aikin zagayen duba makarantu, kuma ra'ayina a kan wannan batu ya daɗe da tsayawa wuri ɗaya. Sanin Kirsimeti da Ista, da Sallah ƙarama da babba, da Akwasidae, bikin gargajiya na mutanen Asante, duk yana da gurbi a ajin makarantar gwamnati, har ma wajibi ne a koyar da shi. Abin da ba shi da gurbi shi ne a sa yaro ya furta da bakinsa, ko ya aikata da jikinsa, ibadar addinin da ba nasa ba alhali iyayensa ba su amince ba. Wahalar da ke ciki ita ce a aikace iyakar da ke tsakanin koyarwa da ibada ba kullum take fitowa fili ba, shi ya sa amsar za ta ɗan yi tsawo.

Ya kamata mu fara sanin irin ƙasar da muke ciki. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 bai ba ƙasa wani addini na hukuma ba. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin bin addinin da yake so da kuma bayyana shi a fili, sashe na 17 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, sashe na 56 ya hana majalisa kafa wata hukuma da za ta ɗora wa jama'a manufa ɗaya ta addini, sashe na 28 kuma ya ce ba za a hana yaro ilimi don dalilin addini kawai ba. Amma kundin bai kori addini daga al'amuran jama'a ba. Taken ƙasarmu da roƙon Allah yake farawa, alkawarin biyayya ga ƙasa da yara ke karantawa a taron safe da neman taimakon Allah yake ƙarewa, kuma gwamnati tana ba da hutu a Kirsimeti da Ista, tun daga tsakiyar shekarun 1990 a zamanin Shugaba Rawlings kuma tana bayarwa a Sallah biyu. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar kan hannun gwamnati a ginin babbar cocin ƙasa da kuma shirya aikin Hajji, ta ce rashin addinin hukuma bai hana gwamnati hulɗa da addinai da tallafa musu ba. Saboda haka duk wanda ya gaya miki cewa doka ta haramta ambaton Kirsimeti a makarantar gwamnati bai faɗi daidai ba.

Ina jin wasu matasanmu masu karatu suna cewa mafita ita ce a share addini gaba ɗaya daga makaranta kamar yadda aka yi a ƙasashen Turawa, kuma ina roƙonsu su duba abin da kyau kafin su nema. A Amurka, Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati a 1962, ta hana karatun Baibul a matsayin ibada a 1963, amma a cikin wannan hukunci na biyu kotun ta bayyana cewa koyar da tarihin addini da littattafansa a matsayin ilimi bai saɓa wa doka ba. Ko can ma ke nan, ibada aka fitar, aka bar sani. Faransa ce ta yi nisa a wannan hanya, kuma dokarta ta 2004 da ta hana alamomin addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, 'yan mata masu hijabi ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Idan muka nemi a kori waƙar Kirsimeti da hujjar cewa makaranta ba wurin addini ba ce, da wannan hujjar za a cire mayafin 'yarki, a rufe ɗan wurin da yara ke sallar azahar, a kuma ce babu izinin fita Juma'a. A ƙidayar 2021 Kiristoci kashi 71.3 ne cikin ɗari na jama'ar Ghana, Musulmi 19.9, masu addinin gargajiya 3.2. Mu da muke marasa rinjaye, dokar da ta fi kare mu ita ce wadda ta bar kowa da addininsa ta kuma hana tilas.

Akwai dalilin da ya sa Kirsimeti ya yi nauyi haka a makarantunmu, kuma yawancinsa tarihi ne. 'Yan mishan ne suka shimfiɗa karatun boko a ƙasar nan. Kwalejin horar da malamai ta cocin Presbi da ke Akropong tun 1848 take, makarantar Mfantsipim ta cocin Metodis tun 1876, a nan Kumasi kuma makarantun Prempeh da Opoku Ware duk coci na da hannu a kafuwarsu. Malaman da aka horar a irin waɗannan wurare sun ɗauki taron safe mai addu'a da waƙar coci a matsayin wani ɓangare na makaranta, kamar allo da alli, suka kai shi duk inda aka tura su, har makarantun ƙananan hukumomi. Ingila da muka gaji tsarinta ta sanya ibadar safe ta kowace rana cikin dokar iliminta ta 1944, amma ta ba iyaye damar janye 'ya'yansu daga ciki. Mu ma dokar iliminmu ta 1961, ta zamanin Nkrumah, ta ce ba za a hana yaro shiga makaranta saboda addininsa ko na iyayensa ba, kuma ba za a tilasta masa halartar ibada ko darasin addini ba idan mahaifinsa ya ƙi. An sauya wannan doka a 2008, amma tana nuna cewa ƙa'idar da nake faɗa miki ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu na zango, wato unguwanninmu na Musulmi, sun hana 'ya'yansu boko don tsoron kada a juya musu addini, kuma kowa ya san abin da wannan ya jawo mana na koma-baya, har sai da makarantun Islamiyya suka fara haɗa boko da Arabiyya, gwamnati kuma ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi a 1987. Ina kawo wannan ne don kada tsoron nan ya sake fitar da yarinya ɗaya daga aji.

Akwai kuma dalilin kalanda, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Zangon farko yana ƙarewa ne dab da Kirsimeti kowace shekara, don haka walimar rufe makaranta, wadda yara ke kira Awa De, sai ta haɗe da bikin Buronya, wato Kirsimeti, har ba a iya raba su. Sallah kuwa tana bin wata, tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yawanci ta faɗo a tsakiyar zango, a ba da hutu, yara su dawo aji a ci gaba da lissafi kamar ba a yi komai ba. Sakamakon haka yaron Aboabo ko Asawase, a ajin da Musulmi suka fi yawa, yana iya gama firamare bai taɓa ganin makarantarsa ta kula da bikin gidansu ba, alhali kowace Disamba ana ƙawata allo da zanen bishiya da taurari. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan, amma yaro yana gani, kuma yana fahimtar wani abu daga ciki game da matsayinsa.

Yanzu ga waƙoƙin kansu, inda ainihin tambayarki take. Waƙoƙin da ake koya wa yara a Disamba ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ba su ƙunshi aƙida ba sam, maganarsu ƙararrawa ce da kyaututtuka da fatan alheri na sabuwar shekara. Akwai waɗanda ke ba da labari, cewa an haifi jariri a Baitalami, makiyaya sun zo, tauraro ya fito. Sannan akwai waɗanda addu'a ce da shaidar bangaskiya kai tsaye, inda mai rerawa yake kiran jama'a su zo su yi wa jaririn sujada, yana kiransa Ubangiji kuma Ɗan Allah. Ga Kirista wannan ibada ce ta gaske, kuma rage mata daraja ne a ce wai waƙar yara ce kawai. Ga Musulmi kuwa kalmomin sun ci karo da Ƙulhuwallahu da yarinyar ke karantawa kowace rana a makarantar allo. Hukuncin shari'a a kan kowane iri aikin malamai ne, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan faɗa ta fuskar makaranta shi ne, iri na uku bai kamata a sa shi a bakin yaron da ba Kirista ba sai da yardar iyayensa, na biyu ana iya karanta shi a aji a matsayin darasi amma hawa dandamali da shi ya zama da zaɓi, na farko kuwa ban ga abin tayar da jijiyar wuya a kansa ba.

Na sha tsayawa a bayan fili ina kallon gwajin irin wannan waƙa. An jera yara a ƙarƙashin bishiya layi uku, malama tana gaba tana kaɗa sanda tana ba da amo, rana ta take. A layin tsakiya sai ka hango yarinya mai ɗan farin mayafi tana rerawa da ƙarfi, har a zo baitin da ake ambaton Ɗan Allah, sai ka ga leɓenta na motsi amma babu sauti, idonta na kan sandar malama, baitin na wucewa ta dawo da murya. Babu wanda ya koya mata wannan dabara. Ita kaɗai, tana shekara tara, ta nemo hanyar da ba za ta saɓa wa malamarta ba kuma ba za ta saɓa wa abin da aka koya mata a gida ba. Wannan nauyi ya fi ƙarfin yaro, kuma manya ne ya kamata su ɗauke mata shi. Ina kuma so ki san cewa a mafi yawan lokuta malamar ba ta da niyyar juya wa kowa addini. Murya take nema, kuma yaran zango da suka saba da hadda da tilawa tun suna ƙanana sukan fi kowa saurin riƙe baiti da ɗaga murya, shi ya sa hannu ke yawan faɗawa kansu. Mai yiwuwa ne a ganin malamar karrama 'yarki ta yi.

Haka batun wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa yake, har ma ya fi nauyi, domin Musulmi da yawa ba su yarda a kwaikwayi annabi ko mala'ika ba ko da labarin daidai ne, kuma a ƙarshen wasan yawanci yara kan durƙusa a gaban jaririn. Haka nan taron ibada na safiyar Laraba da makarantun firamare da yawa ke yi, wanda a ganina ya fi bikin shekara-shekara buƙatar gyara, tunda shi kowane mako ne, kuma a wasu wurare ana gayyato mai wa'azi daga waje ya tsaya a gaban yaran da iyayensu ba su san da zuwansa ba.

Sai dai kada wannan ya sa ki ce yarinyar ta toshe kunne idan ana darasin Kirsimeti. Darasin addini da tarbiyya yana cikin manhajar ƙasa, an taɓa cire shi a gyaran ilimi na 2007 amma shugabannin addinai suka yi ca har aka mayar da shi, yana cikin sabuwar manhajar da aka fara a 2019, kuma ana jarraba shi a jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Manhajar ta ɗora wa malami koyar da addinai uku, Kiristanci da Musulunci da na gargajiya, tare da bukukuwansu. 'Yarki za ta iya samun tambaya a kan ma'anar Ista, kamar yadda ɗan Kirista zai samu a kan dalilin layya. Ma'aunin da nake ba malamai sababbin shiga aiki shi ne su saurari yadda jimlarsu take farawa. Idan malami ya ce Kiristoci sun yi imani da kaza, ko Musulmi suna yin kaza, koyarwa yake yi. Idan ya ce ku rufe ido mu ce kaza, ya shiga jagorancin ibada. Malamin da ya san aikinsa yana iya yin darasi mai daɗi ƙwarai a makon ƙarshe na Disamba: ya kawo labarin haihuwar kamar yadda Linjilar Luka da ta Matiyu suka bayar, sannan ya tambayi yaran Musulmi abin da Suratu Maryam ta faɗa, su ba da labarin gindin dabino da jaririn da ya yi magana yana cikin zanen goyo, ya nuna inda labaran biyu suka haɗu, ya kuma faɗi gaskiya a kan inda suka rabu ba tare da ya yanke wa kowa hukunci ba. Yaran Kirista da yawa a ranar suke fara jin cewa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, kuma na ga yadda hakan ke sauya kallon da suke yi wa abokan zamansu.

Idan Sallah ta zo, hakkin yaran zango ne a yi musu makamancin haka. A bar su su bayyana wa ajin yadda ake duban wata, da zakkar fidda-kai, da tafiya filin idi, da yadda ake raba naman layya, da hawan Gangara da ake yi a nan Kumasi. Yaron da ya tsaya a gaban aji yana bayanin bikin gidansu ana saurarensa, ya san makarantar tasa ce. Bukukuwan gargajiya ma haka. Ba zai yiwu yaro ya tashi a Kumasi bai san cewa ana Akwasidae a Manhyia, fadar sarkin Asante, duk bayan mako shida ba, ko ya tashi a Accra bai san Homowo, bikin ƙabilar Ga, da watan hana kiɗa da ke gabatarsa ba. Amma a ranar nuna al'adu, idan aka ce yaro ya riƙe ƙwarya ya zuba wa kakanni abin sha a ƙasa yana kiran sunayensu, a nan iyaye Musulmi da iyaye Kiristoci sukan tsaya layi ɗaya su ce ba su yarda ba. Nakan tuna wa malamai Kiristoci wannan misali, domin da zarar sun tuna yadda za su ji idan ɗansu ne aka miƙa wa ƙwaryar, sai su gane damuwar uwa irinki ba tare da dogon bayani ba.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da wasu 'yan'uwanmu ba sa son ji. Ƙa'idar nan tana hawa kanmu kamar yadda take hawa kan wasu. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da na Ahmadiyya gwamnati ce ke biyan malamansu, kuma akwai 'ya'yan Kiristoci a cikinsu, musamman a unguwannin da ita ce makaranta mafi kusa. Idan ana sa yarinya Kirista ta ɗaga hannu ta karanta Fatiha a taron safe, ko a jera ta cikin masu waƙen Maulidi ba da sanin iyayenta ba, abin da muke kuka da shi ne muke aikatawa. Ba mu da bakin neman a kyale 'ya'yanmu a makarantar Metodis matuƙar ba mu kyale 'ya'yan wasu a tamu ba. Na faɗi wannan a gaban shugabannin makarantun Islamiyya, kuma masu hangen nesa a cikinsu sun karɓa.

Makarantun mishan da gwamnati ke tallafawa su ne inda rigimar ta fi zafi, kuma kin ji labarinsu. A 2015 Musulmi sun yi zanga-zanga a yankin Yamma kan hijabi da tilasta halartar ibada. A 2021 aka hana wata ɗaliba azumin Ramadan a makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast, Hukumar Ilimi ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi azumi, cocin Metodis ta ƙi amincewa, kuma a ƙarshen 2024 wani lauya ya kai batun makarantar gaban Kotun Ƙoli. A 2021 ɗin dai Babbar Kotu a Accra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai 'yan Rasta da ta ƙi ɗauka saboda gashinsu, hukuncin da ya nuna cewa dokar makaranta ba ta fi kundin tsarin mulki ba. A 2024 kuma, da jagorancin Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, masu kula da makarantun addinai suka amince da wata yarjejeniya kan haƙuri da juna a makarantunsu. Hujjar coci ita ce su suka gina makarantun, kuma wanda ya zo ya san inda ya zo. Rabin farko na hujjar gaskiya ne, kuma ina ganin hakkinsu ne su riƙe ɗabi'ar makarantarsu, su yi taron waƙoƙinsu na Kirsimeti yadda suka gada. Rabi na biyu ya yi rauni, domin tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare, kuma harajin kowa ne ke biyan albashin malaman. Amma ke wannan muhawara ba ta ma shafe ki ba, tunda makarantar 'yarki ta ƙaramar hukuma ce, babu wata coci da za ta ce gadonta ne.

Akwai masu cewa ware yaro daga bikin ajinsu yana raba kan yara, kuma ban ɗauki wannan magana da wasa ba, domin zama a benci ɗaya na cikin abin da ya riƙe zaman lafiyar ƙasar nan. Amsata ita ce halarta daban, shiga ibada daban. A 2019, lokacin da Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya cika shekara ɗari, ya ziyarci cocin Katolika ta Christ the King a Accra a lokacin Ista, aka karɓe shi da girma, ya zauna a matsayin baƙo ya tashi da addininsa. Mu ma a gidajen haya na zango haka muke zaune: maƙwabciya ta aiko da shinkafar Buronya, mu aika mata da naman layya, kuma ba a taɓa cewa sai wani ya yi addu'ar wani kafin a miƙa masa kwano ba. 'Yarki tana iya zama cikin 'yan kallo, ta tafa wa ƙawayenta, ta ci jolof ɗinta tare da su, ko a ba ta wani aiki a bikin, kamar karanta waƙar Turanci da ba ta addini ba ko jawabin maraba. Abin da nake gargaɗin hedimastoci a kai shi ne kada janyewa ta zama horo. Na ga inda aka ce waɗanda ba za su yi waƙa ba su ɗauki tsintsiya su share fili, ko a kulle su a aji babu malami. Wannan tilas ce aka sauya wa riga, kuma yaro yana ganewa.

Game da kuɗi, tun 2005 gwamnati ta fara ba makarantun firamare kuɗin tallafi bisa yawan ɗalibai don a daina karɓar kuɗin makaranta daga iyaye. Gudummawar walima abu ne na ganin dama, kuma ba daidai ba ne a kori yaro, ko a riƙe takardar sakamakonsa, ko a kunyata shi a gaban aji don bai kawo ba. Idan kuɗin na abinci da lemon da dukan yara za su ci ne a ranar rufe makaranta, shawarata ki bayar idan da hali, don kada yarinyar ta zauna tana kallon bakin wasu. Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne lokaci, domin a wasu makarantu gwajin waƙa yakan cinye darussan rana na makonni, a ajin da yara da yawa ba su iya karanta sakin layi ɗaya ba tukuna. Wannan hujja ce da kowane uba zai goya miki baya a kanta, ko wane addini yake bi.

Abin da za ki yi shi ne ki fara da malamar ajin, ke da kanki, ba ta bakin yarinya ba, kuma ba a gaban yara ba. Ki gaishe ta, ki gode mata da ta ga 'yarki ta cancanta, sannan ki nemi ta nuna miki kalmomin waƙoƙin. Ki ce mata, Malama, waɗannan baitoci addu'ar addininku ce, muna girmama ta, amma mu ba ma furta ta, ina roƙo a ba yarinyar wani aikin. A sanina mafi yawan malamai a nan take suke amincewa, wasu har da ban haƙuri. Idan ta ƙi, ki je wurin hedimasta tare da mahaifin yarinyar ko wani dattijo, ku kuma rubuta buƙatarku a takarda ku riƙe kwafi. Idan nan ma ba a dace ba, akwai jami'in da ke zagayen duba makarantun yankin, sama da shi akwai daraktan ilimi na ƙaramar hukuma, kuma hukumar kare hakkin ɗan Adam ta CHRAJ tana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta. Da wuya abin ya kai can. Kada ki hana yarinyar zuwa makaranta a makon, kada kuma ki zagi malamarta ko addinin malamar a gabanta, domin gobe za ta koma ta zauna a gaban wannan malama ta koyi lissafi, kuma tana buƙatar ta ci gaba da ganin girmanta.

Gyara mai ɗorewa kuwa a taron iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta yake, kuma a nan ne mu mutanen zango muke da sakaci. Sau da yawa ajin da kashi mafi yawa na yaransa namu ne, ranar taron iyaye sai ka ƙirga namu da yatsun hannu, a yanke shawara babu mu, sannan mu zo muna ƙorafi a Disamba, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je taron farkon zango mai zuwa, ki ja wasu iyaye mata ku tafi tare, ku nemi abu uku a rubuta su cikin bayanan taro: a riƙa sanar da iyaye tun farkon zango duk wani biki mai alaƙa da addini da abin da za a sa yara su yi a cikinsa, duk yaron da iyayensa suka janye shi a ba shi wani aiki mai daraja a ƙarƙashin kulawar malami, kuma a ware darasi ɗaya a makon kowace Sallah kamar yadda ake yi wa Kirsimeti. Hedimasta yana da ikon aiwatar da dukan ukun ba tare da jiran takarda daga Accra ba.